Kira Ga Majalisar Birnin Kebbi Bisa Cacar Waya

Ya ku jama'ar Gwandu da Kabi, ku sani caca ta bar gindin itace ta shige waya. Ni kam ban yarda a kira ta sha'awar ƙwallo ba. Yaro shi sayar da shinkafar fadamar Argungu, shi aza kuɗin bisa wasa goma na Ingila. Tara su ci, guda ta kashe takarda, gobe shi ci bashi don ramuwa. Haka anka gina ta. Hisbar Kano ta rufe shaguna a 2024, amma wa ka iya rufe aljihu? A 2024 ɗin kuma Kotun Ƙoli ta ce dokar caca ta jihohi ce. To, 'yan majalisa, jihar da ta karɓi Shari'a tun 2000, mi kuke jira? Wassalamu.