SANA'AR HANNU: Butar shayi ta azurfa

A Kirkissoye, ƙetaren kogi a Yamai, da wuya a wuce ƙofar gida da marece ba a ga buta bisa gawayi ba. Yawancin butocin nan na kwano ne ko na sanholo, aikin inji. Amma akwai wadda maƙeri ke yi da hannu, ta azurfa.

Can da, a Turai, shayi da gahawa abin shan masu hali ne, don haka suka sa maƙera su yi musu buta, da tire, da gidan sukari, duka na azurfa. Akwai irin wannan buta a gidan tarihi na Landan, an ƙera ta tun 1670. Maƙeri kan buga azurfa da guduma har ta yi ciki. Sau da yawa yakan sa mata mariƙin icce, don azurfa tana saurin ɗaukar zafi.

A ƙasarmu, maƙeran Buzaye sun daɗe suna narka tsofaffin kuɗin azurfa, irin masu hoton sarauniya Mariya Tereza da shekara 1780 a jiki. Kowane ɗaya nauyinsa giram 28 ne. Da su aka yi zobba, da mundaye, da giciyen Agadas. Ana iya ganin maƙera suna aiki a gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959.

To, azurfa ajiya ce, kamar saniya. In rani ya yi tsanani, dillalai kan shiga ƙauye su saye ta da arha. In kaka ta yi, wasu su kawo farin ƙarfe su ce azurfa ce. Ba duk fari ba ne nono.

Mai saye ya duba hatimi. Lamba 925 tana nufin kashi 925 cikin 1000 azurfa ce. Amma ana yin hatimin ƙarya, kuma aikin dā na gida ba shi da lamba. In maganaɗisu ya kama abu, ba azurfa ba ce. In ta yi baƙi, ba lalacewa ta yi ba, gogewa take so.

Mai sayarwa kuwa kada ya yi gaggawa. Ya kai wa maƙeri biyu ko uku su auna, ya ji farashi, kana ya yanke shawara. Kayan gado in an narka su, ba su dawowa.