Kada ka raina koren allo

Kai da ke koyon rubuta manhaja, ka taɓa ganin allon 3270? Baƙi ne wuluk, rubutu kore, layi 24 kacal. A kansa ake aiki da ISPF, tsohon kayan aikin manyan kwamfutocin IBM, wato menfirem, waɗanda manyan bankunan duniya ke dogaro da su har gobe.

Yanzu an samu sauƙi. Da VS Code da Zowe, wanda ya fito a 2018, za ka rubuta COBOL kamar yadda kake rubuta Python, kuskure ya nuna kansa nan take. Kyauta ne ma. Sai dai kyautar a saukewa ta tsaya. Kamfani zai zuba kuɗi da watanni kafin ya kwashe tsofaffin manhajojinsa zuwa Git, ya sake horar da ma'aikata.

Ni dai a ganina, fara da na zamanin, amma ka liƙe wa dattijon da yatsunsa suka haddace ISPF. Daren da aikin biyan albashi ya maƙale, sau da yawa shi zai gano matsalar kana nan kana lalube. Kuma irinsu ritaya suke ta yi: a 2020, sai da gwamnan jihar New Jersey ta Amurka ya fito yana cigiyar masu COBOL.