OLOIBIRI: AN CI MORIYAR GANGA

Jama'a, ku da kuke neman abinci a Fatakwal da Warri da Legas, mutum nawa ne a cikinku ya taɓa jin sunan Oloibiri? Ga shi kuwa babu titin da muke takawa, babu gadar da muke hayewa, da ba ta da ɗigon bashin wannan gari a kanta.

Oloibiri yana cikin Ƙaramar Hukumar Ogbia ta Jihar Bayelsa. A nan ne kamfanin Shell-BP ya fara dacewa da man fetur mai yawan da za a sayar, cikin watan Janairu na 1956. A 1958 Nijeriya ta soma fitar da ɗanyen mai zuwa ƙasashen waje, wajen ganga 5,000 a kowace rana. Turawa suka kafa sansani, ma'aikata suka cika gari, kasuwa ta buɗe, mutanen wurin suka zaci kakarsu ta yanke saƙa. Ashe ba haka ba ne. Da aka tatsi fiye da ganga miliyan 20, rijiyoyi suka ja baya, sai a 1978 kamfani ya naɗe tabarmarsa ya yi gaba.

To, me ya rage? Je ka Otuabagi, inda rijiya ta farko take. Ba abin da za ka tarar sai kan rijiyar da aka toshe, ƙarfe ya yi tsatsa, da allo mai ɗauke da tarihinta. Masunta da manoman da aka ɓata wa ruwa da ƙasa su ne aka bar wa gadon wahala.

Masu kare wannan zalunci sukan ce ai ciniki ne, mai ya ƙare, zance ya ƙare. Wannan magana ce ta marar kunya. Tsarin Mulkin 1963 ya ba yankin da aka haƙo ma'adini rabin kuɗin haƙƙin mallaka. Mulkin soja ya yi ta zaftare shi, sai Tsarin Mulkin 1999 ya tsayar da kashi 13 cikin ɗari. Wane ne ya rage kason, in ba mu 'yan ƙasa ba? Laifin bai tsaya kan Bature ba. Har gidan tarihin da aka yi musu alkawari ya zama abin ba'a: Shugaba Obasanjo ya aza harsashi a 2001, aka koma aka sake bikin soma aiki a 2023. Shekara 22 ke nan tsakanin biki da biki!

Kada ɗan Arewa ya ce ina ruwansa. Wanda ya ga kududdufan da masu haƙar kuza suka bari a Jos ya san wannan labari tun kafin a ba shi. Kuma a watan Nuwamba na 2022 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Dokar man fetur ta 2021 ta wajabta wa kamfanoni ware kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanar da aikinsu domin garuruwan da suke haƙa. Madalla. Amma garin da aka riga aka tsotse fa, wa zai biya shi? Saboda haka muke kira da babbar murya: Gwamnatin Tarayya ta gyara ƙasa da ruwan Oloibiri, ta kammala abin da ta alkawarta. Mu kuma in maƙwabtanmu na Neja-Delta sun koka, mu daina cewa ƙorafi ya yi musu yawa. Gaskiya suke faɗa, kuma gobe tana iya zama tamu.