Daga Kwararafa zuwa Mile 12: wace jiha ce ke da haƙƙin harajinka?

Tun da sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, 'yan uwanmu na Agege, Idi-Araba da Sabon Ibadan ke ta tambaya: wanda ya taso daga wata jiha, ina zai biya?

Mu ɗauki ɗan kasuwar da ya bar unguwar Kwararafa a Jos ya dawo Mile 12 da zama. Ƙa'idar ita ce, harajin kuɗin shiga ba ya bin asalin mutum, inda yake zaune yake bi, kuma ranar 1 ga Janairu ake dubawa. In ranar ta same shi a Jos, harajin shekarar na hukumar Filato ne, PSIRS, ko da a watan Maris ya tashi. Sai shekara ta zagayo ya koma hannun LIRS ta Legas. In kuma iyali na Jos shi yana Legas, gidan da ya fi kusa da wurin sana'arsa ake ɗauka.

Matsalar ita ce yawancinmu ba ma sanar da kowa. Mu ɗaure kaya kawai mu hau mota. Sunanka na nan a Jos bashi na taruwa, Legas kuma ta yanka maka nata. Ranar da ka nemi takardar shaidar biyan haraji don kwangila ko takardun fili, ta shekara 3 za a tambaye ka, a nan ido zai raina fata. Kuma tikitin da kake yanka kullum a kasuwa ba shi ne wannan harajin ba.

To mene ne abin yi? Ka rubuta wa tsohuwar hukumar cewa ka tashi, ka yi rajista a sabuwar, ka cike takardar bayyana kuɗin shigarka kafin 31 ga Maris. Ma'aikaci ya gaya wa ofishinsa don a tura abin da ake cira inda ya dace. Ka adana rasitin haya: shi ne shaidar zamanka, kuma da shi za a rage maka kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar, har zuwa naira 500,000, daga abin da za a yi wa haraji. Naira 800,000 na farko a shekara kuwa babu haraji a kansu.

Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni, lokacin wayar da kan jama'a ya yi, tun kafin takardun bashi su fara isowa.