Sana'a Sa'a: Ɗaukar Hoto Ba Sai da Babbar Kyamara Ba

A wannan mako za mu duba sana'ar ɗaukar hoton mutane, wadda ɗalibi zai iya yi a ƙarshen mako ko lokacin hutu ba tare da ta taɓa karatunsa ba. Kasuwarta kuwa tana nan kusa da mu: hoton fasfo na cike fom, hoton Sallah, walimar saukar Alƙur'ani, bikin yaye ɗalibai, da suna a cikin gida.

Da yawanmu da zarar an ce ɗaukar hoto, sai hankali ya tafi kan ƙatuwar kyamara mai tsada, daga nan sai gwiwa ta yi sanyi. To, mu kwantar da hankali. Sunan da Turawa ke kiran wannan sana'a daga Girkanci ya samo asali, ma'anarsa kuwa zane da haske. Wanda ya san haske zai fitar da hoto mai kyau da wayar yayansa, wanda bai san shi ba kuwa ko an ba shi kyamarar miliyoyi, ɓarna zai yi.

Mu fara da abin da ke hannu, wato waya. A riƙa amfani da kyamarar baya, don ta fi ta gaba fitar da hoto sosai. Kafin a ɗauka a goge idonta da ƙyalle mai laushi, musamman da hunturu, saboda ƙura da maiƙon hannu su ke sa hoto ya yi hazo-hazo. Kar a matsa dab da fuskar mutum, domin hakan na sa hanci ya fito ƙato, kunnuwa su ƙanƙance. A ja da baya kamar mita ɗaya da rabi zuwa biyu, a riƙe wayar daidai tsayin idonsa.

Sai haske, wanda Allah ya hore mana kyauta. Rana tsaka ba ta yi wa fuska adalci: tana sa inuwa a ƙarƙashin ido da hanci, ga mutum yana ta ƙifce-ƙifce. A nemi inuwar bango, ko bakin zaure, ko gefen taga, a juya mutum ya fuskanci inda hasken ke shigowa, ko kuma hasken ya zo masa ta gefe kaɗan. Da hantsi da kuma bayan La'asar sakaliya rana takan yi laushi, lokacin hoto ke nan. In gefe ɗaya na fuska ya yi duhu, a samo farin kwali babba, ƙani ko aboki ya riƙe shi a wannan gefen, zai mayar da haske kan fuskar. Wannan kwali shi ne kayan aikinmu na biyu.

Ga wani sirri da ya shafe mu kai tsaye. Ranar Sallah mutum zai zo da farar shadda fes, sai kyamara ta ruɗe da farin, ta rage haske, fuska ta fito baƙi ƙirin. Maganinsa shi ne a taɓa fuskar a kan allon wayar kafin a ɗauka, a ɗan ƙara haske har sai kamanni sun fito. Wajen gyara kuma, manhajar Snapseed kyauta ce, ta isa a daidaita haske da yanke gefe. Amma kar a kuskura a mayar da baƙi fari. Hoton da uwa ba ta gane ɗanta a ciki ba, ai ba hoto ba ne.

Abu na uku shi ne bayan hoto. A sayi yadi mara zane, kamar yadi biyu zuwa uku, fari guda don hoton fasfo, da wani mai duhu kamar ruwan toka ko shuɗi. A goge shi da dutsen guga, domin duk wata ƙudundunewa sai ta fito a hoto. A ɗaure shi a igiya da abin maƙale shanya, a sa mutum ya tsaya kamar taku biyu gaba da shi don kar inuwarsa ta faɗa a kai. Da kujera guda da wannan yadi, zauren gidanmu ya zama situdiyo.

In kuɗi sun fara shigowa, a bi wannan tsari wajen sayayya: sandar ɗora waya mai ƙafa uku don hana hoto girgiza, sai fawa banki saboda halin wutar lantarki, sai memori ko filashi na ajiyar hotuna, sannan fitila mai caji. Kyamara ita ce ta ƙarshe. Idan lokacinta ya yi, ta hannu ƙirar Canon ko Nikon ta wadatar, tare da gilashi mai lamba 50mm f/1.8, wanda ba shi da tsada sosai kuma yana dusashe baya ya bar fuska ta fito tsaf. Kar ɗalibi ya je saye shi kaɗai. Ya tafi da babban da ya san kyamara, a gwada batir, a leƙa gilashin ko da ƙura ko tsagewa, a duba adadin hotunan da aka taɓa ɗauka da ita.

Ba sai mun sayi injin wanke hoto ba. A yi magana da wani situdiyo na unguwa a riƙa kai masa wanki. Girman da aka fi wankewa shi ne inci 4 da 6, kuma don ya fito sosai ana son hoton ya kai fiksel 1200 da 1800. Hoton fasfo a ƙasashe da dama milimita 35 da 45 ne, na bizar Amurka kuwa inci 2 da 2, saboda haka a tambayi mai hoto me zai yi da shi kafin a ɗauka. A kuma lura, WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau, don haka a tura shi ta wurin da ake tura takardu.

Kafin a sa farashi, a lissafa kuɗin wanki, data, caji da kuɗin mota, sannan a ɗora riba. A samu littafi a riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. A karɓi rabin kuɗi kafin wanki, domin bashin abokai ya durƙusar da ƙananan sana'o'i da yawa. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: a gwada hannu a kan ƙanne da 'yan gida na tsawon makonni kafin a karɓi kuɗin kowa.

Yanzu ga abin da ya fi duk kayan nan nauyi, wato amana. Hoton da ke cikin wayarmu mutuncin wani ne. Kar a ɗauki kowa sai da yardarsa, yaro kuwa sai da izinin iyayensa. Kar a ɗora hoton kowa a Facebook ko TikTok da sunan talla ba tare da an tambaye shi ba, balle hoton 'ya mace. Hoto guda in ya fita ba ya dawowa, yana iya jawo wa yarinya surutu a unguwa har ya shafi karatunta ko aurenta, mai ɗaukar kuma ya rasa kasuwa da mutunci a rana ɗaya. A sa wa waya makulli, kar a ba abokai su riƙa leƙe-leƙe, in an miƙa aiki mai shi ya ce a goge, a goge a gabansa.

A nan 'yan'uwanmu mata suna da dama babba. Akwai gidaje da tarukan mata da namiji ba zai shiga ba, kuma matan sun fi sakin jiki da mace 'yar'uwarsu. Ɗalibar da ta iya haske, ta kuma riƙe amana, ba za ta rasa aiki a danginta da maƙwabta ba.

A ƙarshe, a nemi izinin iyaye kafin a fara, a kiyaye dokar makaranta game da waya, lokacin jarrabawa kuma a rufe shago sai an gama.

Ga aikin wannan mako: a zaunar da ƙani ko ƙanwa, a ɗauke shi sau uku, a rana tsaka, a inuwar bango, da gefen taga tare da farin kwali. A jera hotunan a duba bambancinsu da ido. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.