Da tsohuwar zuma ake magani: yadda na tayar da filen kafinta daga tsatsa

Wannan makon ƙofar banɗakinmu ce ta ba ni abin rubutawa.

Duk wanda ya zauna a tsofaffin gidajen jan bulo na Old Trafford ya san halinsu. Da zarar sanyi ya shigo, danshi ya kama gida, sai ƙyauren katako ya kumbura. Namu tun watan Nuwamba ya daina rufuwa sai an doka masa kafaɗa, har ranar da ƙaramin ɗanmu ya maƙale a ciki yana ta ihu. Na kira wani mai gyara, ya ce fam 60 kafin ma ya sauke jakarsa. Na yi shiru ina lissafi da naira, sai maman yara ta ce, "Ba kai ne kullum kake ba mu labarin shagon Kawu ba?"

Gaskiyarta. Na yi hutun makaranta da yawa a shagon kawuna kafinta, kusa da 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano. Amma aikina shara ne da miƙo ƙusa. A lokacin gani nake boko ya fi ƙarfin wannan sana'a. Sai ga shi na zo ƙasar da mai aikin hannu ne ke yanka wa mai digiri farashi.

Ranar Lahadi da sassafe na tafi irin kasuwar gwanjon nan da mutane ke buɗe but ɗin motocinsu suna sayar da tarkacen gida. A cikin wani kwali, tsakanin tsofaffin sufanu, na ga filen, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira rabo daga Faransanci. Ya yi jawur da tsatsa, amma a ƙarƙashin dauɗar ana hango shuɗin fenti da sunan Record da lamba 04. Mai kayan ya ce na kakansa ne, in kawo fam 8. Ai kuwa rabon nawa ne.

Bari in ɗan faɗi abin da na saya. Irin wannan filen na ƙarfe, asalin ƙirarsa ta wani Ba'amurke ce, Leonard Bailey, wanda kamfanin Stanley ya sayi haƙƙin ƙirƙirarsa a 1869. A nan Ingila, kamfanin C. & J. Hampton na Sheffield ya fara ƙera nasa da sunan Record a 1931, shi kuma Stanley ya shigo Sheffield ɗin a 1937 bayan ya sayi masana'antar J. A. Chapman. Mutanenmu na Birmingham su ma suna da abin tinƙaho: Edward Preston & Sons na garinsu sun yi suna wajen ƙera kayan kafinta kafin a sayar da kamfanin a 1932. An ƙera irin waɗannan kayan da yawan gaske, shi ya sa har yau suke fitowa daga gareji da ɗakunan ajiya da araha. Lamba 4, mai tsawon kamar inci 9 da wuƙa mai faɗin inci 2, shi ne na gyaran fuskar katako da ƙananan ayyukan gida. Lamba 5, jakfilen da kafintocinmu suka fi riƙewa, inci 14 ne. Lamba 7 mai inci 22 na miƙar da dogon katako ne, mai zaman haya ba ya buƙatarsa.

Idan za ka saya, kada tsatsa ta tsorata ka. Abin tsoro tsagewa ce. Gangar jikin ƙarfen zubi ne, idan ya faɗi a kan siminti tsagewa yake yi, musamman ta gefen bakin da wuƙa ke leƙowa. Ka ɗaga shi ka duba gefe da gefe a cikin haske. In ka ga layin tsaga ko alamar walda, ka ajiye musu kayansu. Ka duba bayan wuƙar kusa da kaifi: in tsatsa ta ci ta yi ramuka masu zurfi, sai dai ka sayi wata. Ka juya ƙawanyar tagullar da ke bayan wuƙa ka ga tana motsi. Mariƙin katako da ya tsage ba matsala ba ne, gam na kafinta yana ɗinke shi. Sannan in ka biya, ka naɗe shi ka sa a jaka ka wuce gida kai tsaye, domin dokar ƙasar nan ba ta wasa da yawo da abu mai kaifi a bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba.

A gida na ɗauke shi hoto da waya kafin in kwance ko sukuru ɗaya, don kada in rasa yadda zan mayar. Na cire mariƙan katako da kayan tagulla na ajiye gefe. Sauran ƙananan ƙarafan na jiƙa su a farin ruwan khal na dare ɗaya, da safe na goge da burushin waya, na ɗauraye da ruwan bekin soda don kashe tsamin, na busar da su nan take na shafa mai. Kada ka bar su kwana da kwanaki a khal, zai fara cin ƙarfen da kansa. Kada kuma ka bar su su bushe da kansu, kafin ka sha shayi tsatsa ta dawo.

Sai ƙasan filen. Na mayar da komai wurinsa, na ja wuƙar ciki yadda ba ta leƙo ba, domin ƙarfen yana ɗan lanƙwasa idan an ɗaure shi, kuma a ɗaure zai yi aiki. Na manna samfefa a kan gilashi mai kauri, na zana layuka da maka a ƙasan filen, na riƙa gogawa. Inda layi ya goge, nan ne tudu. Ba dole ko'ina ya goge ba. In gaba, da gaban baki, da baya sun daidaita, ya wadatar.

A nan ne na yi wautar da ta sa na rubuta wannan. Na ɓata kwana biyu ina goge gefuna har ina ganin fuskata, na shafe mariƙai da mai suna sheƙi, na kira Kawu ta bidiyon WhatsApp ina juya masa shi a gaban kyamara. Ya kalla ya ce, "Yaro, madubi ka saya ko filen? Ɗora shi a kan katako in gani." Na ɗora. Ya yi tsalle, ya yagi katakon, ya shaƙe. Kawu ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ka yi wa amarya kwalliya ka manta ba ka ba ta abinci ba. Je ka wasa wuƙar."

Aikin duka a wuƙar nan yake. Da farko ka goge bayanta a kwance a kan dutsen washi, ko samfefa mai laushi a kan gilashi, har wajen inci ɗaya daga kaifi ya yi sumul. Sannan ka wasa gangaren kaifin a kusurwar digiri 25, ka ƙarasa bakin a wajen digiri 30. Ana sayar da ɗan ƙarfen da ke riƙe wuƙa a kusurwa ɗaya, ba tsada, kuma ba abin kunya ba ne ga ɗan koyo. Alamar ka kai ita ce ka ji wani siririn gashin ƙarfe ya tashi a baya daga wannan gefe zuwa wancan. Ka kwantar da shi a kan dutse, ka ƙarasa a kan fata. In ta yanka takarda a tsaye ba ta yaga ba, ta yi.

Akwai ƙarfe na biyu da ake ɗaurewa a kan wuƙar, mai karya ɓawon katako yana naɗe shi. Dole bakinsa ya kwanta a kan wuƙar ba tare da haske na ratsawa ba, in ba haka ba ɓawo zai cusa a tsakani ya shaƙe filen. Ka bar kamar milimita ɗaya tsakaninsa da kaifi. Gadon da wuƙar ke kwanciya a kai, wanda Turawa ke kira kwaɗo, shi ma ka tabbatar ya zauna daram. Daga nan ka fara da wuƙa a ciki, kana turawa kana juya ƙawanyar kaɗan-kaɗan har ta fara ɗauka. In gefe ɗaya ya fi ci, ka karkata sandar da ke sama har ya daidaita. Ka goga kyandir a ƙasansa. Lokacin da ɓawo na farko ya fito a nannaɗe, siriri kamar ɓawon albasa, ƙanshin katakon ya mayar da ni Na'ibawa.

Game da ƙofa, ga gargaɗi uku, musamman ga ɗalibai. In gidan haya ne, ka nemi izinin mai gida a rubuce, kada ka rasa kuɗin ajiyarka. In ƙofar kariya daga gobara ce, irin mai nauyi da ke rufe kanta a gidajen da ake raba ɗakuna, kada ka taɓa ta sam, aikin mai gida ne. In kuma fentin tsoho ne sosai, yana iya ɗauke da dalma, kada ka goge shi da samfefa yara su shaƙi ƙurar. Kafin ka fere komai, ka ɗaure sukurun hinji, wani lokaci nan ne ciwon. In ba nan ba ne, ka yi alama da fensir inda take cijewa, ka ɗebe kaɗan kana gwadawa, domin da bazara katakon zai koma ya tsuke. Ka shafa fenti a inda ka fere don kada danshi ya sake shiga.

Tamu minti 20 ta ci. Na aika wa Kawu hoton ɓawon katakon a tafin hannuna, ban haɗa da filen ba. Ya amsa da saƙon murya: "To, yanzu ka fara. In ka zo gida akwai benci yana jiranka."

Tuni maƙwabta biyu sun yi layi da ƙofofinsu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.