Ranar da mai sayen uraniyom zai sami wata haja

Jama'a, ƴan kasuwar Maraɗi ba su buƙatar a gaya musu yadda haja take mutuwa. Iyayenmu sun ga zamanin gyaɗa, sun ga yadda ta faɗi a shekarun 1970. Wanda ya juya jarinsa da wuri shi ya tsira.

To, ga wata magana da ta shafi babbar hajar ƙasarmu. Tun 1971 ake haƙo uraniyom a Arlit, ana kai shi waje a fasa ƙwayoyinsa a sami wutar lantarki. Amma a Kadarash, kudancin Faransa, ana gina wata na'ura mai suna ITER wadda ba ta cin uraniyom ko kaɗan. Ita haɗe ƙwayoyin iskar haidurojin za ta yi, kamar yadda ake yi a cikin rana, kuma wani ɓangare na makamashinta daga ruwa ake tace shi. Tarayyar Turai, Amurka, Rasha, Sin, Japan, Indiya da Koriya ta Kudu suka sa hannu a 2006. Ku duba da kyau, ba ƙasar Afirka ko ɗaya.

Kada kowa ya firgita, abin ba gobe ba ne. Jadawalin da suka fitar a 2024 ya kai babban gwajin zuwa 2039, kuma ko a lokacin ba wutar sayarwa za ta bayar ba. Sai dai mai ciniki ya fara neman wata rumfa, kuma mun gan shi.

Mu kuwa ina muka tsaya? Da Najeriya ta yanke mana wuta a Agustan 2023, mai sayar da ƙanƙara a babbar kasuwa ta ji a jikinta, haka tela a Tibiri, haka manomin Jiratawa da ke jiran famfo ya taso da ruwa. Ƙasar uraniyom ke nan!

Ba mu ce Nijar ta gina irin wannan na'ura ba, aljihunmu bai kai ba. Amma ƙasar da ta haifi Farfesa Abdu Mumuni, masanin makamashin rana, ba ta rasa ƙwaƙwalwa ba. Muna roƙon hukumomi su ware wani kaso na kuɗin uraniyom tun yana da kasuwa, a sayi kayan gwaji ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, a tura ɗalibai inda ake wannan bincike. Ku ma Alhazai da Hajiyoyi, kuɗin karatun ɗalibi guda bai kai na tirela guda ba.